Yadda ake mayar da makaroni abin ƙwalama mai ƙaras-ƙaras da na'urar suya da iska

A yawancin gidajen birane matsayin taliya sananne ne. Ana dafa ta da manja da yaji, ko a haɗa ta da wake, ko a yi dafa-duka idan lokaci ya ƙure. Ba kasafai ake tunanin zuba ta a kwano a miƙa wa baƙo kamar cincin ko soyayyiyar gyaɗa ba.

A tsakiyar shekarar 2021 wani salo ya bazu a manhajar TikTok, musamman a tsakanin Amurkawa, inda ake dafa makaroni, a cakuɗa ta da ɗan mai da kayan ƙamshi, sannan a gasa ta cikin na'urar suya da iska har ta bushe ta yi ƙaras-ƙaras, a riƙa ɗauka ɗaya bayan ɗaya ana ci.

A hoto aikin kamar ba shi da wuya. Sai dai wanda ya gwada ba tare da sanin ƙa'ida ba, ɗayan biyu kan same shi: ko dai ta fito da tauri kamar tsakuwa, ko kuma ta fito da yauƙi kamar ƙirgi. Duka biyun asarar taliya ce da mai da wutar lantarki, kuma duka biyun tushensu ɗaya ne, wato rashin sanin yadda ake sarrafa ruwan da ke jikin taliyar.

Daga ina salon ya samo asali?

Soya dafaffiyar taliya tsohuwar dabara ce. A birnin Napoli na ƙasar Italiya, an daɗe ana haɗa taliyar da ta kwana da ƙwai da cuku a soya ta a kasko, don gudun zubar da abinci. A birnin St. Louis na Amurka kuwa, an san mutanen garin da soya wata taliya mai ƙunshe da nama a ciki, bayan an tsoma ta a garin burodi.

Abin da ya sabunta al'amarin shi ne na'urar da 'yan kasuwa ke kira eya-firaya. Wani ɗan ƙasar Holan mai suna Fred van der Weij ne ya ƙirƙiro fasalinta, sannan kamfanin Philips ya gabatar da ita ga duniya a shekarar 2010, a bikin baje kolin kayan lantarki na IFA da ake gudanarwa a birnin Balin na Jamus. Daga baya kamfanoni da dama suka shiga ƙera irinta, farashinta ya sauko, ta shiga ɗakunan girki na masu matsakaicin ƙarfi. A yau ana samun ta a shagunan kayan lantarki na manyan biranen Najeriya, sabuwa da ta gwanjo.

Yadda na'urar take aiki

Duk da sunan da aka laƙaba mata, na'urar ba suya take yi irin ta kasko ba. Ƙaramin oben ce mai fanka. A samanta akwai murɗaɗɗen ƙarfe da ke ɗaukar zafi idan an kunna wuta, irin na rishon lantarki, a bisansa kuma akwai fanka mai gudu da ke hura zafin zuwa cikin kwandon da aka zuba abinci. Kwandon yana da huji-huji, don haka iskar tana ratsa abincin ta sama da ƙasa da gefe.

A suyar kasko, tafasasshen mai ne ke kai zafi jikin abinci ya kore ruwan da ke bayansa. A wannan na'ura, iska ce ke yin aikin. Kasancewar cikinta ƙarami ne, tana ɗaukar zafi cikin minti biyu zuwa uku, kuma iskar tana kwashe tururin da ke fita daga abincin nan take. Wannan busarwar ita ce ke kawo ƙaras-ƙaras ɗin da ake nema.

Dalilin da ya sa dole a fara dafawa

Mai gaggawa kan yi tambaya: tunda busasshiyar taliya ake so a ƙarshe, me ya sa ba za a gasa ta ɗanya kai tsaye ba? Amsar tana cikin yadda aka yi ta tun daga masana'anta. Ana kwaɓa garin alkama ne a matse shi da ƙarfi, sannan a busar da shi har ruwan da ya rage a ciki bai wuce kashi 12 zuwa 13 cikin 100 ba. Jikinta a cushe yake, babu wata kafa a ciki. Idan aka gasa ta a haka, launi kawai za ta sauya, taurinta yana nan.

Idan aka dafa ta, sitacin da ke cikinta yana shan ruwa ya kumbura, har nauyinta ya ninka fiye da sau biyu. Da ta shiga zafin na'urar, wannan ruwa yana zama tururi ya fice, ya bar ƙananan ramuka a inda yake. Waɗannan ramuka su ne ke sa haƙori ya fasa ta cikin sauƙi, ta ruguje a baki.

Saboda haka mizanin dahuwa shi ne matakin farko na nasara. Idan ba ta nuna har ciki ba, tsakiyarta za ta fito da taurin da kan iya ɓantare haƙori. Idan kuma ta zarce ta caɓe, za ta manne da juna, ramin tsakiyarta ya rufe, iska ta kasa ratsa ta. Abin da ake so shi ne ta dahu sarai, babu farin ɗigo a ciki idan an gutsura, amma tana riƙe da siffarta. Lokacin da aka rubuta a jikin ledarta ya wadatar, ko a ƙara minti ɗaya a kai.

Wace irin taliya ta dace?

Gajeru masu rami ko murɗi su ne suka fi dacewa. Makaroni mai lanƙwasa, da mai siffar bututu, da murɗaɗɗiya, da mai kama da ƙodon katantanwa, duk ana samun su a kasuwa, kuma suna riƙe yaji a lungunansu. Masu siffar malam-buɗe-littafi suna da kyan gani, amma tsakiyarsu ta fi gefensu kauri, don haka gefen kan riga yin ja kafin tsakiyar ta bushe.

Doguwar taliya siririya ba ta dace ba. Tana harɗewa da juna, tana zurarewa ta hujin kwando, kuma fanka kan iya ɗaga ta ta manna a jikin ƙarfen da ke sama ta ƙone. Haka ita ma taliyar Hausa 'yar murji, wadda ta fi laushi da saurin caɓewa.

Kayan haɗi

Ga ma'aunin da zai wadaci mutum huɗu zuwa biyar:

Makaroni gram 250, wato rabin leda mai gram 500.

Man gyaɗa ko man zaitun, babban cokali biyu.

Garin tafarnuwa, ƙaramin cokali ɗaya.

Garin tattasai ko na barkono, gwargwadon yadda ake son yaji.

Masoro da garin citta, kaɗan-kaɗan.

Gishiri kaɗan.

A Amurka da Turai ana ƙara gogaggen cukun Parmesan, wani busasshen cuku na Italiya da ake ajiye na asalinsa aƙalla wata 12 kafin a sayar. Yana da tsada a Najeriya, kuma sai a manyan kantuna ake samun sa. Yajin ƙuli irin na tsire yana maye gurbinsa, domin yana kawo maiƙo da gishiri da ɗanɗano a lokaci ɗaya. Awara ba ta dace da wannan aiki ba saboda ruwan da ke jikinta.

Matakan haɗawa

Da farko a tafasa ruwa mai yawa da ɗan gishiri, a zuba makaroni, a juya ta a mintin farko don kada ta kama gindin tukunya. Idan ta dahu, a juye ta a matsami ta tsane.

Mataki na biyu shi ne wanda aka fi tsallakewa, kuma shi ne mafi muhimmanci. A baza ta a kan faranti mai faɗi ko tsaftataccen ƙyalle, a bar ta minti biyar zuwa goma tururi ya fita, a girgiza masu rami don ruwan da ya maƙale a ciki ya zube. Matuƙar akwai ruwa a bayan taliya, zafin jikinta ba zai wuce digiri 100 a ma'aunin Salshiyas ba, komai zafin na'urar. Sauyin da ke sa abinci ya yi ja ya yi ƙamshi kuwa sai zafi ya kai wajen digiri 140 yake kankama. Wannan sauyi, wanda ke faruwa tsakanin sukari da sinadaran furotin, wani masanin kimiyya Bafaranshe mai suna Louis-Camille Maillard ne ya fara bayyana shi a shekarar 1912, kuma shi ne ke ba burodi da tsire launinsu. Duk mintin da na'ura ta ɓata tana busar da ruwan da ya kamata a ce ya tsane a faranti, wuta ce ta tafi a banza.

Na uku, a zuba ta a roba, a sa mai, a cakuɗa har kowace ƙwaya ta yi sheƙi, sannan a barbaɗa kayan ƙamshin a sake juyawa. Mai ne ke fara shiga, domin shi ne ke riƙe garin, in ba haka ba fanka za ta hure shi. Shi ne kuma ke raba zafi daidai a jikin taliyar.

Na huɗu, a kunna na'urar a digiri 200 ta yi minti uku babu komai a ciki. Wasu na'urorin da aka shigo da su daga Amurka suna amfani da ma'aunin Farenhait, inda digiri 400 ke daidai da kusan 200 na Salshiyas. A zuba taliyar shimfiɗa ɗaya, kada a tula ta. Idan aka cika kwando, na ƙasa za su turara ne maimakon su gasu. A na'ura mai matsakaicin girma, gram 250 zai buƙaci zubi biyu ko uku.

Na biyar, a bar ta minti 10 zuwa 12, ana zaro kwandon ana girgizawa bayan kowane minti uku ko huɗu. Na'urori sun bambanta wajen ƙarfi, don haka a zubin farko a fara dubawa daga minti na takwas. Zubi na biyu ya fi na farko saurin yi, saboda na'urar ta riga ta ɗau zafi. Da ta yi launin ruwan zuma a sauke.

A ƙarshe a baza ta a faranti ta huce na minti biyar. Da zafinta takan yi kamar ba ta gama bushewa ba, sai ta huce take ƙarasa ƙamewa. Wanda ya yanke hukunci da zafinta ya mayar da ita wuta, shi ne ke ƙona ta.

Idan yajin ƙuli za a yi amfani da shi, ya fi kyau a raba shi biyu, a sa rabi kafin gashi, a barbaɗa sauran bayan an sauke, domin gyaɗa tana saurin ƙonewa ta yi ɗaci. Masu son zaƙi kuwa suna iya cire tafarnuwa da barkono, su shafe ta da narkakken man shanu, su barbaɗa sukari da garin kirfa bayan ta fito. Ana cin mai yajin haka nan, ko a dangwala a miyar tumatir mai kauri, ko a kindirmo da aka sa wa tafarnuwa da ɗan gishiri.

Lissafin wuta

Kafin a yi sha'awar na'urar, ya kamata a duba ƙarfin wutar gida. Yawancin irinta na gida suna jan wat 1,200 zuwa 1,800, kuma ana rubuta adadin a ƙasanta ko a bayanta. Idan aka ɗauki mai wat 1,500, aka yi zubi uku na minti 12 tare da ɗumama ta, aikin zai ci kimanin minti 40, wato yunit ɗaya na wuta ke nan idan ya yi yawa. A watan Afrilun 2024 Hukumar Kula da Harkokin Wutar Lantarki ta Ƙasa, NERC, ta ɗaga kuɗin yunit ɗaya ga masu rukunin A zuwa Naira 225, kafin a ɗan rage shi daga baya. Masu sauran rukunoni suna biyan ƙasa da haka. Kowa na iya duba farashin yunit a takardar kuɗin wutarsa ya kwatanta da kuɗin man da suyar kasko za ta sha, tare da tuna cewa dafawar farko tana cin nata gas ɗin ko gawayi.

Babbar matsalar tana wajen samuwar wutar. Ƙaramin janareton da ake kunna fanka da talabijin da shi bai kai wat 1,000 ba, don haka ba zai ɗauki na'urar ba. Masu sola kuma su duba ƙarfin inbatarsu tukuna, domin na'urar tana iya kashe ƙarama ko ta zuƙe batir cikin ɗan lokaci.

Masu sayen ta gwanjo su duba rubutun da ke jikinta. Wutar Najeriya bolt 230 ce, yayin da kayan da aka ƙera don kasuwar Amurka ke aiki da bolt 110 zuwa 120. Idan aka jona irin wannan kai tsaye za ta ƙone, sai an haɗa ta da tiransifoma mai rage wuta wadda ƙarfinta ya zarce na na'urar.

Haka kuma a jona ta a soket na bango ita kaɗai, domin siririyar wayar ƙari kan yi zafi ta narke. A bar tazara tsakaninta da bango saboda iska mai zafi da ke fita ta bayanta. Kada a sa takarda a cikin kwando babu abinci a kanta, fanka za ta ɗaga ta zuwa ƙarfen wuta. A guji juya abinci da cokalin ƙarfe ko wanke kwandon da soson ƙarfe, don kada a kankare shafen da ke hana abinci kamawa.

Batun lafiya

Ana yawan tallata na'urar da sunan lafiya, kuma akwai gaskiya a ciki ta fuskar mai. Babban cokali ɗaya na mai yana ɗauke da kimanin kalori 120, don haka wanda ya yi amfani da cokali biyu ya rage abu mai yawa idan aka kwatanta da tsoma abinci a cikin kasko cike da mai.

Sai dai ita kanta taliyar ba ta sauya ba. Gram 100 na busasshiyarta yana da kimanin kalori 350, mafi yawansa sitaci ne na tataccen garin alkama. Da yake ta bushe ta yi sauƙi a hannu, mutum yana iya cinye abin da ya kai kwanon abincin rana yana hira bai ankara ba. Masu ciwon sukari su lissafa ta a cikin abincinsu na yini kamar yadda za su lissafa shinkafa ko burodi.

Gishiri ma abin lura ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya kai gram biyar na gishiri a rana, wato ƙasa kaɗan da ƙaramin cokali ɗaya. Idan aka sa gishiri a ruwan dahuwa, aka ƙara a wajen cakuɗawa, ga yajin ƙuli mai nasa gishirin da dunƙulen ɗanɗano, an tara shi daga wuri uku. Masu hawan jini su zaɓi wuri ɗaya.

Akwai kuma dalilin da ya sa ake cewa a sauke ta tana ruwan zuma. A shekarar 2002 masu bincike a ƙasar Suwidin suka gano cewa abinci mai sitaci da aka soya ko aka gasa da zafi mai yawa yana samar da wani sinadari mai suna akirilamaid, wanda cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya a jerin abubuwan da ake kyautata zaton suna iya haddasa cutar ga ɗan Adam. Gwargwadon duhun abincin, gwargwadon yawan sinadarin. Wannan ne ya sa hukumar kula da ingancin abinci ta Birtaniya ta yi gangami a shekarar 2017, tana kira ga jama'a su tsaya a launin zinare idan suna gasa burodi ko soya dankali. Wanda ya ƙone ya yi baƙi a tsince shi a zubar.

Ƙananan yara da ba su gama haƙora ba, kada a ba su, domin tana iya shaƙe su. Tsofaffi da masu matsalar haƙori su ma su yi hattara.

Taliyar da ta kwana

Salon yana da amfani wajen ceto farar taliyar da ta rage, kuma wadda ta kwana a firiji ta fi saurin bushewa saboda bayanta ya riga ya tsane. Sharaɗin shi ne an sa ta a firiji cikin awa biyu da saukewa, kuma firijin ya riƙe sanyinsa. Dafaffiyar taliya da shinkafa suna iya ɗaukar wata ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus idan suka daɗe a waje, kuma gubar da take fitarwa ba ta mutuwa da zafin ɗumame ko na gashi. Idan wuta ta ɗauke tsawon dare firiji ya saki, bai kamata a yi kasada ba. Wadda aka riga aka haɗa da miya kuwa ba za ta yi ƙaras ba, ƙonewa za ta yi.

Idan babu na'urar

Wanda yake da oben na gas ko na lantarki ba ya buƙatar sayen sabuwar na'ura don wannan kaɗai. A baza taliyar a faranti shimfiɗa ɗaya, a gasa a digiri 200 na kimanin minti 20 zuwa 25, ana juyawa a tsakiya. Ana kuma iya soya ta a mai mai zafi na 'yan mintoci, da sharaɗin ta bushe sosai tukuna, domin ruwan da ya ɓuya a cikin ramin makaroni yana sa mai ya yi tsalle ya ƙona hannu.

Ga masu tunanin mayar da ita sana'a, ƙanƙantar kwandon ita ce cikas. Na'urar da ke buƙatar minti 40 kafin ta gama da rabin leda ba za ta iya ciyar da shago ba, babban oben ne ya dace da wannan. Sannan duk abincin da za a ƙulla a leda da suna a kai kasuwa yana buƙatar rajistar hukumar NAFDAC.

Yadda ake adana ta

Ruwan da aka sha wahalar korewa yana iya dawowa ta iska. Sai ta huce sarai sannan a zuba ta a kwalba ko roba mai murfin da ke toshe iska, domin idan aka rufe ta da ɗumi, tururinta zai jiƙa ta. Kada a sa ta a firiji. A lokacin hunturu takan riƙe ƙarfinta kwana biyu zuwa uku, amma da damina tana iya yin sanyi cikin yini ɗaya idan aka bar murfi a buɗe. Idan hakan ta faru, a mayar da ita cikin na'urar a digiri 180 na minti biyu zuwa uku, a bar ta ta huce, za ta dawo yadda take.